Rajistar Bin Sawu: Yadda Maƙeran KDE Ke Sa Manhaja Ta Yi Magana

Duk wanda ya taɓa zama a kan kujerar aikin gwamnati ya san irin ranar da fayil ya ɓace. Maigida yana jira, an tabbata takarda ta shigo tun makon jiya, amma ba ta kan teburin kowa. A irin wannan rana ba a tsayawa rantse-rantse, rajista ake nufa. A buɗe littafi a bi shi layi-layi: ran kaza ta shigo, akawu ya karɓa ya sa hannu, masinja ya kai ta ofishin kuɗi da ƙarfe goma sha ɗaya, daga nan kuma ba a sake rubuta kome ba. To, inda alƙalami ya tsaya, nan ne za a fara nema. In kuwa aka tarar akawun rajista bai rubuta kome ba tun farkon wata, sai dai a shiga bin ofis-ofis ana tambaya, kowa yana cewa ba a hannunsa take ba.

Masu ƙera manhajar kwamfuta, watau jerin umarnin da na'ura ke bi ta yi aiki, da irin wannan littafi suke neman abin da ya ɓace musu. Na'ura tana zartar da miliyoyin umarni kafin mutum ya ƙifta ido, ba kuwa mai iya tsayawa a kanta ya ga inda ta yi tuntuɓe. Sabili da haka mai rubuta manhaja yakan dasa waɗansu 'yan layuka a cikin aikinsa, waɗanda ba ruwansu da mai amfani da na'urar. Aikinsu kawai su riƙa cewa: na iso nan, an ba ni abu kaza, na miƙa shi ga sashe kaza. Waɗannan su ne saƙonnin bin sawu, inda suke taruwa kuma shi ne rajistar bin sawu.

Abin da ke ɗaure wa sabon shiga kai shi ne, sau da yawa zai dasa layinsa, ya ta da manhaja, ya zuba wa allo ido, allo ya yi tsit. Na'urar ba lalacewa ta yi ba. Da gangan aka rufe mata baki, kuma waɗanda suka rufe suna da hujja. Sanin yadda ake buɗe bakin, da wane sashe za a buɗe wa, da lokacin da za a mayar a rufe, yana cikin abin da ke raba gwani da ɗan koyo a wannan sana'a.

Al'adar ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Sunan da Turawan Ingila ke kiran irin wannan rajista da shi, asalinsa guntun itace ne. Matuƙan jiragen ruwa na dā sukan jefa katako a teku ɗaure da igiya mai ƙulle-ƙulle, su ƙidaya ƙulli nawa suka zare kafin yashin agogo ya ƙare, su rubuta saurin jirgi a littafi. Sunan katakon sai ya bi littafin. Masu aikin na'urorin lissafi na farko suka gaji al'adar. Ran 9 ga Satumba 1947 ma'aikatan na'urar Mark II ta Jami'ar Harvard a Amurka suka ga aiki ya rikice, suka bincika, suka tarar wani ƙwaro irin mai bin fitila ya maƙale a cikin ɗaya daga maɓallan lantarkinta. Suka ciro shi suka liƙa a littafin aikinsu, suka rubuta lokacin. Littafin yana ajiye a gidan tarihi na Smithsonian a birnin Washington. Kiran matsalar inji da sunan ƙwaro ya riga wannan rana, domin Thomas Edison ya yi amfani da kalmar tun 1878, amma Grace Hopper, wadda ta yi aiki da na'urorin Harvard ɗin, ta yi ta ba da labarin har ya zama kowa ya san shi.

Mene Ne KDE

Ran 14 ga Oktoba 1996 wani ɗalibin Jami'ar Tübingen a ƙasar Jamus, Matthias Ettrich, ya yi shelar neman masu taya shi wani aiki. A lokacin na'urori masu tafiya da Linux da sauran dangin Unix suna da ƙarfi, amma fuskarsu ba ta da daɗin sha'ani: kowace manhaja da kamanninta da ɗabi'arta. Shi kuwa yana son a ƙera teburin aiki guda, watau fuskar da mutum ke gani in ya kunna na'ura, mai tagogi da jakunkuna da maɓallai masu kama da juna, wanda akawu ko ɗalibi zai iya sarrafawa ba sai ya haddace umarni ba. Aikin aka sa wa suna KDE, fitowarsa ta farko cikakkiya kuwa a watan Yuli 1998 ne.

A kan wani harsashi mai suna Qt aka ɗora ginin. Waɗansu 'yan ƙasar Norway biyu, Haavard Nord da Eirik Chambe-Eng, su suka fara Qt, suka fito da shi fili a 1995 a ƙarƙashin kamfanin da aka sani da Trolltech. Kamfanin Nokia ya saye shi a 2008, Digia kuma ta karɓa a 2012. A kan wannan harsashi mutanen KDE suka jera nasu tubalan: wannan na buɗe fayil ko a na'urar yake ko a wata na'ura can nesa, wancan na adana zaɓin mai amfani, wani na fassara zuwa harsuna. A watan Yuli 2014 aka rarraba tsohon kundin tubalan gida-gida har sama da 50, aka kira su KDE Frameworks 5. Zubi na shida ya fito ran 28 ga Fabrairu 2024 tare da teburin Plasma 6.

Duk wannan aiki mai buɗaɗɗen tushe ne, watau rubutun asali yana fili, kowa yana da izinin karantawa da gyarawa da rabawa. Ba kuma wasan ɗalibai ba ne kawai. Hukumar birnin Munich ta taɓa ɗora kwamfutocin ma'aikatanta wajen 15,000 a kan wani tsarin Linux mai fuskar KDE, kafin majalisar birnin ta yanke shawarar komawa Windows a 2017. Na'urar wasanni ta Steam Deck da ta fito a 2022 ita ma da teburin Plasma take zuwa.

To, a nan ne rajista ta zama tilas. Masu aikin suna warwatse a ƙasashe daban-daban, da yawansu 'yan sa kai ne masu yi bayan an tashi daga ofis. In wani a Brazil ya ce manhajar Dolphin, mai nuna fayiloli, ta ƙi buɗe masa wata jaka, wanda zai gyara wataƙila yana Jamus, bai taɓa ganin na'urar ba, ba kuma zai gan ta ba har abada. A tasa na'urar kome lafiya lau. Abin da kaɗai zai iya haɗa su shi ne abin da manhajar ta faɗa da bakinta a lokacin da ta ƙi aikin.

Zamanin Lambobi Da Zamanin Sunaye

A zubi na uku da na huɗu na KDE, kowane sashe yana da lambarsa, kamar yadda kowace ma'aikata ke da lambar fayil. Akwai wani fayil guda, kdebug.areas, inda aka jera lambobin da sunayen masu su. Sashen zirga-zirgar fayiloli da ake kira KIO, alal misali, lambobinsa daga 7000 suka tashi. Mai rubutu zai sa lambar sashensa a jikin kowane saƙo, mai bincike kuma ya buɗe wata 'yar manhaja, kdebugdialog, ya sa alama a gaban sashen da yake son ji. Dabarar ta yi aiki shekara da shekaru, amma tana da nauyi. Duk mai sabon sashe sai ya nemi lambar da ba a ba kowa ba a littafi guda na tsakiya, kuma wanda ke son aron tubali ɗaya tak daga KDE sai ya ɗauki dukan kundin domin ya sami wannan tsari.

Ban da haka, surutu ya yi yawa. Waɗanda suka yi zamani da Linux na wancan lokaci sun san wani ɓoyayyen fayil a jakar gidan kowane mai amfani, .xsession-errors, inda duk abin da manhajojin tebur suka furta ke zuba. In wata manhaja ta kama maimaita ƙorafi guda ba tsayawa, fayil ɗin yakan yi ta kumbura har ya cinye wurin ajiya, mai na'ura bai san hawa ba bai san sauka ba.

Gyaran ya zo ta wajen harsashi. A Qt 5.2, wanda ya fito a watan Disamba 2013, aka shigo da tsarin rukuni-rukuni mai suna QLoggingCategory. Maimakon lamba, kowane sashe sai ya raɗa wa kansa suna mai gaɓoɓi da ɗigo a tsakani, daga babba zuwa ƙarami, kamar a ce ma'aikata, sashe, ofis. Sunan kf.kio.core yana nufin tubalan KDE, sashen KIO, cibiyarsa. Qt 5.3 na 2014 ya ƙara hanyar ba da umarni daga waje ba tare da an taɓa rubutun manhajar ba, KDE Frameworks 5 kuma ya bar tsohon tsarinsa ya bi wannan.

Saƙonnin kansu hawa-hawa ne. Na ƙasa duka shi ne na bin sawu, wanda a rubuce ake kira debug, zancen maƙeri ne da kansa. Sama da shi akwai sanarwa, info, wadda aka ƙaro a Qt 5.5 a 2015. Sa'an nan gargaɗi, warning, mai cewa wani abu bai tafi daidai ba amma an ci gaba. Sai critical, kuskure mai tsanani. Na ƙarshe, fatal, shi ne na ajali: manhaja ta faɗe shi ta mutu nan take, shi kaɗai ne kuma ba a iya toshe wa baki. Galibin rukunan KDE an saita su ne su yi magana daga matakin sanarwa ko gargaɗi zuwa sama. Na bin sawu yana nan a dashe cikin manhajar da ke na'urar kowa, barci kawai yake yi. Dalilin shirun da ɗan koyo ya gani ke nan, ko aƙalla dalili na farko.

Yadda Ake Buɗe Bakin

Hanya mafi sauri ita ce a haɗa manhaja da 'yar takardar rakiya a lokacin da za a ta da ita. A buɗe tagar umarni, wadda a KDE ake kira Konsole, a rubuta:

QT_LOGGING_RULES="kf.kio.*.debug=true" dolphin

Ma'anar layin ita ce: ta da Dolphin, kuma duk rukunin da sunansa ya fara da kf.kio, a bar shi ya faɗi saƙonninsa na bin sawu. Tauraron nan yana tsaye ne a madadin kowane suna. Daga nan sai mutum ya sake yin abin da ya jawo matsalar, ya danna jakar da ta ƙi buɗuwa, ya ga layuka suna gangarowa a tagar. Ƙa'idar tana mutuwa da zarar an rufe manhajar, ba ta barin kome a baya, kuma a ganina wannan ne babban alherinta.

Sai dai takardar rakiya wanda aka ba a hannu kaɗai take yi wa aiki. Manhajar da ta riga ta tashi ba ta san an yi ba. Teburin Plasma kansa, wanda ke tashi tun lokacin da mutum ya shiga na'ura, sai an sake ta da shi da umarnin plasmashell --replace tare da takardar. Mai kula da tagogi kuwa, KWin, a ƙarƙashin tsarin Wayland shi ne ke riƙe da zaman gaba ɗaya, ba a cika son taɓa shi ana tsakiyar aiki ba. Domin irin waɗannan akwai hanya ta biyu, mai ɗorewa: wani fayil mai suna qtlogging.ini a cikin jakar .config/QtProject ta gidan mai amfani. A layin farko a rubuta kalmar Rules a cikin baka mai kusurwa, a ƙarƙashinta a jera ƙa'idoji, kowace a layinta. Duk manhajar Qt da ta tashi bayan haka za ta karanta shi. Wanda ya manta da layin farkon nan zai yi ta mamakin abin da ya sa ba a saurare shi ba.

Wanda ba ya son rubutu da hannu yana da kdebugsettings, wadda Laurent Montel, wani Bafaranshe daga cikin tsofaffin maƙeran KDE, ya rubuta a 2015. Jerin rukunai take nunawa, mutum ya zaɓi matakin da yake so a gaban kowanne, ita kuma ta rubuta masa fayil ɗin nan. Sunayen tana samo su ne daga waɗansu ƙananan fayiloli da kowane tubali ke ajiyewa a jakar qlogging-categories6, ko mai lamba 5 a tsohon zubi. Nan ne kuma ya kamata mai neman sunan rukuni ya duba, domin sunaye sun sha canzawa: waɗanda a dā suka fara da kf5 an mayar da su kf kawai, tsohon umarnin da mutum ya kwafo daga wani wuri sai ya zama kira ne ga wanda ya riga ya sake suna.

Ma'aikacin gwamnati ba zai sha wahalar gane abin da ke biye ba, domin ya san takardar umarni ta baya ita ke soke ta farko. Qt yana fara karanta fayil na na'ura gaba ɗaya, wanda masu harhaɗa tsarin suka ajiye. Sa'an nan ya karanta na mai amfani, sa'an nan abin da manhajar ta gindaya wa kanta a cikin rubutunta, sa'an nan fayil ɗin da aka nuna masa da QT_LOGGING_CONF in akwai, daga ƙarshe takardar rakiya. Na baya yana rinjayar na gaba. Haka kuma a cikin jeri guda, in ƙa'idoji biyu suka yi karo a kan rukuni ɗaya, ta ƙasa ce ke ci.

Rashin sanin wannan jeri ya ci wa mutane da yawa lokaci. A 2015 masu harhaɗa Fedora, ɗaya daga manyan tsare-tsaren Linux, suka sa layin *.debug=false a fayil na na'ura gaba ɗaya, domin su rage surutun da ke cika rajistar masu amfani. Niyyar mai kyau ce, amma ɗalibin da ya rubuta manhajarsa ta farko a kan Fedora, ya sa mata layi guda ta gaishe shi, sai ya ga ba ta ce uffan ba, alhali abokinsa mai wani tsarin yana ganin nasa. Maganin layi ɗaya ne a fayil ɗin gidansa. Wanda kuma ya rasa gane wace takarda ce ke aiki a kansa, sai ya kafa QT_LOGGING_DEBUG, Qt ya gaya masa wuraren da ya leƙa neman ƙa'idoji. Watau ita ma rajistar an yi mata tata rajistar.

Akwai kuma shirun da ba na rufe baki ba ne, na sauya hanya ne. Tun shekarun 1970 kowace manhaja a Unix tana da indararo biyu, ɗaya na sakamakon aiki, ɗaya na ƙorafi, kuma ta na ƙorafin saƙonnin bin sawu ke fita. Amma a yawancin tsare-tsaren Linux na yanzu akwai babban kundi na tsakiya da systemd ke riƙewa. Inda aka harhaɗa Qt da sanin wannan kundi, in ya ga ba daga tagar umarni aka ta da shi ba, can yake aika saƙonninsa. Mutum yana nan yana jiran ruwa a bakin indararo, ashe an karkata shi zuwa rijiya. Umarnin journalctl --user -f yana nuna abin da ke shiga kundin a lokacin da yake shiga; QT_FORCE_STDERR_LOGGING=1 kuma yana tilasta wa saƙonnin su dawo tsohuwar hanya. Shiru ɗaya ne kawai ba shi da magani daga waje: in an harhaɗa manhajar da alamar QT_NO_DEBUG_OUTPUT, to, an cire layukan tun a maƙera, sai dai a sake harhaɗawa.

Ba KDE kaɗai ke da wannan ɗabi'a ba. Takwaransa GNOME, wanda Miguel de Icaza da Federico Mena suka fara a 1997, ya bi irin wannan hanya: tun GLib 2.32 na 2012 saƙonninsa na bin sawu a rufe suke sai an kafa G_MESSAGES_DEBUG.

Ambaliya

Da zarar ɗan koyo ya gane sirrin tauraro, abin da zuciyarsa ke raya masa shi ne ya rubuta *.debug=true, ya ce kowa ya yi magana. Zai kuwa samu abin da ya roƙa. Rukunan Qt na cikin gida, masu fara suna da qt, waɗanda aka rufe tun asali, su ma za su farka. Motsa linzamin kwamfuta daga wannan kusurwa zuwa waccan kaɗai yana iya zubo ɗaruruwan layuka. Layi guda da ake nema yana ciki, babu shakka, amma kamar allura ce a cikin rumbun gero. Ko da za a yi hakan, gara a rubuta "*.debug=true;qt.*.debug=false", a buɗe wa kowa sa'an nan a mayar da na Qt barci; raba ƙa'idoji da wannan alama a layi guda ya samu ne tun Qt 5.6. Amma gwanaye ba safai suke farawa da haka ba. Sukan fara da tambaya: wane sashe nake zargi? Su buɗe masa shi kaɗai. In ya wanke kansa, su rufe shi su buɗe maƙwabcinsa.

Abin da ke cikin layin ma abin dubawa ne. Rajistar da aka rubuta "an karɓa" ba rana ba sa hannu, ba ta fi farar takarda ba. Da QT_MESSAGE_PATTERN ana iya sa kowane saƙo ya zo da lokacinsa, da sunan rukuninsa, da sunan fayil da lambar layin da ya fito. Waɗannan biyun na ƙarshe ba sa bayyana sai in an harhaɗa manhajar da sigar gwaji, ko an kafa QT_MESSAGELOGCONTEXT tun wajen harhaɗawa. Wanda kuma gargaɗi guda ya dame shi, ya rasa daga ina yake fitowa, yana iya kafa QT_FATAL_WARNINGS, manhajar ta faɗi matacciya a kan gargaɗin farko, shi kuma ya duba gawar da na'urar bincike irin gdb ya ga hanyar da aka bi aka iso wurin.

Wani abin da ya kamata mai rubutu ya kiyaye: in rukuni a rufe yake, Qt ba ya ko duban abin da ke cikin layin qCDebug, tsallake shi yake yi ɗungum. Wannan ne ya sa dubban layukan da ke barci ba su rage wa na'ura sauri. Amma wanda ya yi ganganci ya cusa aiki na gaske a cikin layin, alal misali ya ce a ƙara ɗaya a kan ƙidaya sa'an nan a faɗi jimla, ya haƙa wa kansa rami. Manhajarsa za ta yi daidai muddin yana kallonta, ta karkace da zarar ya rufe rajista. Akwai ma irin wannan da ba laifin kowa ba ne. Rubuta saƙo yana cin ɗan lokaci, in kuwa matsalar ta tsere ce tsakanin ayyuka biyu masu gudana tare, wannan ɗan jinkiri ya isa ya sauya wanda ya riga wani. A kunna rajista ƙwaro ya ɓace, a kashe ya dawo. Masu sana'ar sun laƙaba wa irinsa suna daga Werner Heisenberg, masanin kimiyyar nan na Jamus, saboda dubawar da kanta tana sauya abin da ake dubawa.

Abin Da Bai Kamata Ya Shiga Littafi Ba

Hujja mafi nauyi ta rufe bakin ba ta surutu ba ce, ta sirri ce. Saƙon bin sawu maƙeri ya rubuta wa kansa, yana zaune shi kaɗai da dare yana neman kuskure, bai yi tunanin wani zai karanta ba. Sabili da haka yakan zubo duk abin da ke hannun manhajar a lokacin, ba tacewa.

A watan Fabrairu 2012 kamfanin Apple ya fitar da gyaran Mac OS X Lion mai lamba 10.7.3. An manta da wani maɓallin bin sawu a kunne a cikinsa. Sakamakon haka, masu amfani da tsohon tsarin ɓoye fayiloli na FileVault, kalmar sirrin da suke shiga na'ura da ita sai ta riƙa sauka a wani fayil na rajista a rubuce ƙuru-ƙuru. Mutum ya kulle ɗakinsa da kwaɗo, ashe an rataye mabuɗin a jikin ƙofa. Sai a watan Mayu labarin ya bazu, aka toshe ɓarakar da 10.7.4. A watan Mayu 2018 kuma kamfanin Twitter, wanda aka sake wa suna X a 2023, ya nemi masu amfani da shi sama da miliyan 330 su sauya kalmar sirrinsu, bayan ya gano ana rubuta kalmomin a wata rajistarsa ta cikin gida kafin a ɓadda su. A duka biyun ba ɓarawo ne ya fasa ba, akawun gida ne ya rubuta abin da bai kamata ba.

Ga mai aiki da KDE abin ya fi kusa da haka, domin rajistar ƙorafe-ƙorafen aikin a fili take, kowa a duniya yana iya karantawa, abin da aka liƙa kuma yakan daɗe. In maƙeri ya ce wa mai ƙorafi ya kunna rukuni kaza ya aiko da abin da ya fito, abin da zai fito yana iya ƙunsar sunan da mutum ke shiga na'ura da shi, da sunayen fayilolinsa, da adireshin na'urorin ofishinsu, da na waɗanda yake musayar wasiƙu da su. Ma'aikacin da ke riƙe da fayilolin albashi ko na ƙarin girma, ko ɗalibin da ke aiki da bayanan mutanen da ya yi wa tambayoyi domin kundin digirinsa, wajibi ne ya karanta rajistar layi-layi kafin ta bar hannunsa, ya goge abin da ba na jama'a ba, ya yanko daga inda ya danna zuwa inda abin ya tsaya. In na'urar ta ofis ce, ya fara shaida wa mai kula da na'urorin ma'aikatarsu.

Su ma maƙeran akwai nasu rabon. Da yake duk wani gyara da za a shigar a tubalan KDE a fili ake gabatar da shi wasu su duba, layin da ke zubo kalmar sirri yana da damar a kama shi kafin ya isa ga jama'a. Amma dama ce kawai, sai in mai dubawar ya karanta layukan bin sawu da irin idon da yake karanta sauran.

In an gama bincike, wanda ya bi hanyar takardar rakiya ba shi da sauran aiki. Wanda ya bi ta fayil kuwa, ko ta kdebugsettings, ƙa'idarsa tana nan daram a qtlogging.ini, za ta ci gaba da aiki gobe da jibi da baɗi, a kan kowace manhajar Qt da ya buɗe, har ranar da ya koma ya share layin da hannunsa.